Ewan McGregor: Abin da ya sa masoya suka fi son ganin tauraron Star Wars a kan babur

A shekarar 2007, wani Bature da ƙura ta baɗe masa fuska ya ajiye babur ɗinsa a wani wuri a kudancin Tunisiya inda aka taɓa ɗaukar wasu sassa na fim ɗin Star Wars. Ya shiga cikin 'yan yawon buɗe ido, yana ta leƙe-leƙe kamar kowa.

Akwai hotunansa a wurin, domin shi ne ya fito a matsayin Obi-Wan Kenobi a finafinai uku na wannan jerin. Amma babu wanda ya gane shi. Ya gama zagayensa, ya koma kan babur, ya nufi iyakar Libiya.

Mutumin shi ne Ewan McGregor, kuma wannan na cikin wuraren da masoyansa suka fi yawan tunawa a shirin Long Way Down, ɗaya daga cikin shirye-shiryen tafiya guda huɗu da ya yi a kan babur tare da amininsa Charley Boorman.

Sama da shekara 20 bayan fitowar shirin farko, akwai mutane da dama a sassan duniya da idan an ambaci McGregor ba finafinansa ne ke fara zuwa musu a rai ba. Abin da suke tunawa shi ne mutumin da babur ya kayar a taɓon Mongoliya, ya tashi yana haki, ya sake hawa. Wasu daga cikinsu sun kalli shirin sau da yawa har sun haddace hanyar. Wasu kuma a dalilinsa suka je suka koyi tuƙin babur.

Daga Crieff zuwa Hollywood

An haifi McGregor ranar 31 ga Maris, 1971, a birnin Perth na Scotland, ya kuma tashi a wani ƙaramin gari mai suna Crieff. Ya yi suna ne a 1996 da fim ɗin Trainspotting, inda ya fito a matsayin matashin da shaye-shaye ya ɗaiɗaita. Daga nan sai Star Wars a 1999, sai Moulin Rouge da Black Hawk Down a 2001.

Shi kuwa Charley Boorman, wanda aka haifa a 1966, ɗa ne ga fitaccen daraktan finafinai John Boorman. Ya yi wasan fim tun yana yaro, amma tauraruwarsa ba ta haska sosai ba. Sun haɗu ne a Ireland wajen ɗaukar fim ɗin The Serpent's Kiss, wanda ya fito a 1997. Fim ɗin bai yi wani tashe ba, sai dai a can ne suka gano cewa dukkansu babur ne abin da ya fi ɗauke musu hankali. Abotar ta ƙullu daga nan.

A farkon shekarun 2000, lokacin da McGregor ke ganiyarsa kuma kamfanonin fim ke rububinsa, sai ya ware watanni don ya bi wata hanya da ya gani a taswira: idan mutum ya tashi daga Landan ya yi gabas bai juya ba, zai iya kai wa New York kusan duka ta ƙasa, in ban da tekun da ya raba Rasha da Alaska.

Landan zuwa New York ta doguwar hanya

Sun tashi daga Landan ranar 14 ga Afrilu, 2004, suka isa New York ranar 29 ga Yuli. A cikin wata uku da rabi sun yi tafiyar kimanin mil 19,000, wato sama da kilomita 30,000. Sun ratsa Faransa, Beljiyam, Jamus, Jamhuriyar Czech, Slovakiya, Yukren, Rasha, Kazakistan da Mongoliya, suka sake komawa Rasha ta Siberiya har Magadan. Daga can jirgin sama ya ɗauke su da baburansu zuwa Alaska, suka bi ta Kanada suka shiga Amurka.

Shirin, mai suna Long Way Round, bai ɓoye wahalar shiri ba. An nuna su suna koyon Rashanci, da agajin gaggawa, da gyaran babur, da abin da mutum zai yi idan 'yan bindiga suka tare shi. An kuma nuna ranar da kamfanin KTM na ƙasar Austriya, wanda Boorman ya ƙwallafa rai a kan baburansa, ya janye daga ba su tallafi saboda yana shakkar za su iya kammala tafiyar. Boorman ya fusata ƙwarai. Kamfanin BMW ne ya ba su babura samfurin R1150GS Adventure.

Mutum na uku a kan babur shi ne mai ɗaukar hoto, Claudio von Planta, ɗan Switzerland. Gab da tashi ya faɗi jarrabawar lasisin babur, sai daga baya ya riske su a hanya. A bayansu kuma akwai motoci biyu ɗauke da masu shirya shirin, David Alexanian da Russ Malkin, da kayan aiki.

Tun daga makonnin farko mai kallo ya fara ganin wani McGregor da bai sani ba. Sau biyu fetur na fantsamar masa ido a gidan mai. A Kazakistan cizon sauro ya kumbura masa goshi har kamanninsa suka sauya. Gemu ya cika masa fuska. Da dare, a cikin tanti, yakan kunna ƙaramar kyamara ya yi magana shi kaɗai game da kewar iyalinsa da tsoron abin da gobe za ta kawo.

A Yukren, wani mutum da ba su taɓa sani ba ya sauke su a gidansa, aka yi musu liyafa, can cikin dare sai mai gidan ya sauko daga bene riƙe da jita a hannu ɗaya, bindigar Kalashnikov a ɗaya hannun. Baƙin suka rasa ko dariya za su yi ko gudu. A ƙarshe waƙa ya rera musu, kuma lafiya suka kwana.

Jan babur na Mongoliya

Idan masoya suna hirar shirin, Mongoliya ce ke cin rabin zancen. A yammacin ƙasar a lokacin kusan babu kwalta, sai sawun tayoyin mota da ke rarrabuwa a cikin fili. Baburan BMW kuwa kowanne ya haura kilo 250 tun kafin a ɗora masa kaya, ga shi sun lafta musu kaya fiye da kima.

A taɓo da rairayi nauyin ya zama musu bala'i. Suka riƙa faɗuwa, kuma duk faɗuwa sai mutum biyu sun haɗu kafin a ɗaga babur. Ɗaya daga cikin motocin rakiya ta ƙwace ta wuntsila, Allah ya kiyaye babu wanda ya mutu. Har ta kai sun zauna suna shawarar ko su haƙura da Mongoliya su koma titin Rasha. Suka yanke shawarar ci gaba.

Sannan ƙarfen jikin babur ɗin von Planta ya karye. Aka samu mai walda ya haɗa shi, amma wutar waldar ta lalata na'urar lantarkin da ke sarrafa burki, babur ɗin ya zama ba ya tuƙuwa. Dole suka saya masa wani ƙaramin jan babur ƙirar Rasha, samfurin Izh Planeta, irin wanda mutanen yankin ke hawa.

Abin dariyar shi ne, ƙaramin babur ɗin ya riƙa ratsa wuraren da manyan ke nutsewa, saboda ba shi da nauyi. Yakan lalace, amma mutanen da ke wucewa kan tsaya su kwance shi su gyara a bakin hanya, domin sun san cikinsa da bayansa. Duk wanda ya saba da baburan haya da bakaniken bakin titi zai gane abin da ya faru nan take: abin hawan da ake iya gyarawa a ko'ina shi ne na tafiyar ƙauye.

McGregor da Boorman ba su sa an yanke wannan ɓangaren ba, duk da cewa ya nuna kuskuren lissafinsu. Irin wannan ne ya sa mutane suka yarda da shirin. Tauraron da aka saba gani yana ceton duniya da takobin haske, ga shi makiyaya na taimaka masa ya fita daga laka.

A Ulaanbaatar, babban birnin ƙasar, Asusun Kula da Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya kai su wurin yaran da ke kwana a ramukan bututun ruwan zafi a ƙarƙashin titi saboda tsananin sanyi. Kafin nan sun ziyarci ayyukan asusun a Yukren, inda suka ga yaran da bala'in tashar nukiliyar Chernobyl ya shafa, da kuma Kazakistan. A shekarar ce McGregor ya zama jakadan UNICEF na Birtaniya, kuma a 2006 shi da matarsa ta lokacin suka ɗauki riƙon wata yarinya 'yar Mongoliya.

Hanyar Ƙasusuwa

Zangon ƙarshe a Rasha shi ne titin Kolyma, mai tsawon kimanin kilomita 2,000 daga yankin Yakutsk zuwa Magadan. Fursunonin sansanonin gwale-gwale na zamanin Stalin ne suka gina shi tun daga shekarun 1930, kuma saboda yawan waɗanda suka mutu a aikin ake kiransa Hanyar Ƙasusuwa.

Sun isa wurin a lokacin da ƙanƙara ta narke, koguna suka cika, gadoji da yawa kuma sun rushe. Sun tsallaka wasu kogunan a kan babur, ruwa na shiga injin suna zubarwa. Da abin ya fi ƙarfinsu, sai direbobin manyan motocin Kamaz suka ɗora baburan a baya suka ƙetare da su. Kafin nan ma, a wani yanki na Siberiya da babu hanya, jirgin ƙasa suka shiga.

Bayan duk wannan, haɗarin da ya kusa zama mafi muni ya faru ne a kan lafiyayyen titi kusa da Calgary a Kanada, inda wata mota ta daki McGregor ta baya. Bai ji mummunan rauni ba.

Shi ma masoyin wani ne

Akwai wani ɗan gajeren wuri a shirin da ke bayyana asalin tafiyar. A Mongoliya sun haɗu da Ted Simon, ɗan jaridar Birtaniya da ya tashi daga Landan a 1973, yana da shekara 42, a kan babur ƙirar Triumph. Shekara huɗu ya yi yana tafiya shi kaɗai, ya ratsa ƙasashe 45, ya yi sama da mil 60,000. Littafin da ya rubuta kan tafiyar, Jupiter's Travels, ya fito a 1979.

McGregor ya sha faɗin cewa wannan littafin na cikin abin da ya zaburar da shi. A gaban Simon, wanda a lokacin ya haura shekara 70, tauraron Hollywood ya koma mai sauraro kamar ɗalibi a gaban malaminsa.

Wannan ya sa masoyan shirin ke ganin kansu a cikinsa. Shi ma wani ne ya burge shi, ya karanta labarinsa, ya daɗe yana mafarki, sannan wata rana ya tashi. Abin da ke ran mai kallo shi ne ko shi ma zai iya.

Da yawa sun gwada. Bayan fitowar shirin da littafinsa, baburan BMW samfurin GS sun shiga sahun gaba a cikin manyan baburan da aka fi saya a Birtaniya, kuma sauran kamfanoni suka shiga ƙera irinsu. Kamfanonin yawon buɗe ido suka fara shirya wa mutane tafiye-tafiyen babur zuwa Mongoliya da Siberiya da Afirka.

Afirka cikin kwana 85

Tafiya ta biyu, Long Way Down, ta fara ne ranar 12 ga Mayu, 2007, daga John o' Groats da ke can arewacin Scotland, ta ƙare a Cape Town ranar 4 ga Agusta. Sun yi kimanin mil 15,000 a ƙasashe 18. Watanni kaɗan kafin tashi McGregor ya karya ƙafa a wani haɗarin babur a Landan, amma ya warke a kan lokaci.

Ta gabashin nahiyar suka bi, ba su taɓa Afirka ta Yamma ba. Daga Italiya jirgin ruwa ya kai su Tunisiya, sai Libiya, wadda ta hana Amurkawan da ke cikin ayarin biza. Daga Masar suka shiga jirgin fito a Aswan, suka bi tafkin Nasser zuwa Wadi Halfa a Sudan. Sai Habasha, Kenya, Yuganda, Ruwanda, Tanzaniya, Malawi, Zambiya, Namibiya, Botswana da Afirka ta Kudu.

A Habasha, kusa da iyakar Eritriya, sun gana da yaran da nakiyoyin da aka binne lokacin yaƙi suka raunata. A arewacin Yuganda sun zauna da yaran da 'yan tawayen LRA suka taɓa sacewa suka tilasta musu ɗaukar makami. A Ruwanda sun ziyarci wurin tunawa da kisan ƙare-dangi na 1994, suka kuma gana da Shugaba Paul Kagame.

Abin da ya fi fitowa a wannan zangon shi ne bambancin gargaɗin da aka yi musu kafin su taso da abin da suka tarar. An cika musu kunne da labarin haɗari, amma abin da kyamara ta fi ɗauka shi ne mutanen da ke tarbarsu, suna ba su shayi da wurin kafa tanti. Ga Turawan da ba su san Afirka ba sai a labaran yaƙi da yunwa, gani ya kori ji.

Sai dai a nan ne kuma aka fi ganin rauninsu. Jadawalin ya matse, suna ta tsere da ranar tashin jirgin fito da wa'adin biza, har saɓani ya shiga tsakanin ayarin. Su da kansu sun koka cewa suna wuce wurare ba tare da sun gan su da kyau ba. Ƙasashe masu tarihin dubban shekaru sun samu 'yan mintuna a shirin.

Sukar da ake yi musu

Ba kowa ne ke yaba shirin ba, musamman a cikin tsofaffin matafiya a babur. Babban ƙorafinsu shi ne cewa tafiya ce ta masu hali. Akwai motocin rakiya, da likita, da tafintoci, da masu shirya takardu a kan iyaka, da ofis a Landan da ke jiran kiran waya. Idan babur ya lalace, ana iya aiko da kayan gyara ta jirgin sama.

Suna kuma tunatar da mutane cewa wasu sun riga su. A tsakiyar shekarun 1990, wasu 'yan Birtaniya, ciki har da Austin Vince, sun zagaya duniya a kan ƙananan babura ƙirar Suzuki DR350 da ɗan abin da ke aljihunsu, suka yi shirin Mondo Enduro, wanda bai samu rabin sunan da Long Way Round ya samu ba.

Akwai kuma zolayar da ake yi wa wani nau'in masoyi: wanda ya sayi ƙaton babur, ya ɗaura masa akwatunan ƙarfe, ya sayi riga da takalmi irin na McGregor, amma babur ɗin bai taɓa sauka daga kwalta ba. Wasu kuma sun ci bashi sun sayi babur ɗin da ya fi ƙarfinsu, alhali shirin da ya ja hankalinsu ya riga ya nuna musu abin da ƙaramin jan babur ya yi wa manya.

Sannan ga batun fasfo. Sauƙin da ɗan Birtaniya ke samu wajen ƙetare iyakoki ba kowa ke da shi ba. Mai kallo daga Afirka da ya yi sha'awar bin hanyar daga kudu zuwa arewa ya san cewa tun a ofishin jakadanci tafiyarsa za ta iya ƙarewa.

Masoyan ba su musanta wannan ba. Amsarsu ita ce shirin bai taɓa ɓoye motocin rakiya ba, masu shirya shi suna cikin labarin tun daga farko. Kuma kuɗi ba ya ɗaga wa mutum babur idan ya faɗi, ba ya hana kogi cika. McGregor yana da hanyoyi dubu da zai huta cikin jin daɗi, amma ya zaɓi wadda za a ga gazawarsa a fili.

Abota da girma

Bayan tafiyar Afirka sai aka yi shiru na shekara 12. McGregor ya koma Los Angeles da zama, kowa ya shiga harkokinsa, zumuncin ya yi sanyi. A 2016 Boorman ya yi mummunan haɗarin babur a Portugal, ya karya ƙafafunsa biyu, aka yi ta yi masa tiyata. McGregor ya bayyana daga baya cewa wannan haɗarin ne ya sa ya farga da yadda suka yi nisa da juna.

A watan Satumban 2019 suka sake tashi, wannan karon daga Ushuaia da ke ƙarshen kudancin Ajantina zuwa Los Angeles: mil 13,000, ƙasashe 13, cikin kimanin kwana 100. Babura masu amfani da lantarki suka hau, samfurin LiveWire na Harley-Davidson, tun kafin su yawaita a kasuwa.

Sanyin yankin Patagoniya ya riƙa zuƙe batir, wuraren caji kuma ba su da yawa. Sau da dama sai sun ƙwanƙwasa ƙofar masauki ko gidan mutane sun roƙi a bar su su jona waya. Da haka sabuwar fasahar ta mayar da su ga abin da ya ƙawata tafiyar farko, wato dogaro da alherin mutanen da ba su sani ba. An nuna shirin, Long Way Up, a Apple TV+ a 2020.

Na huɗu, Long Way Home, ya fito a watan Mayun 2025. Sun tashi daga gidan McGregor a Scotland zuwa gidan Boorman a Ingila, amma ta ƙasashen arewacin Turai da yankin Baltik. Tsofaffin babura na shekarun 1970 suka hau, McGregor a kan Moto Guzzi, Boorman a kan BMW.

Waɗanda suka fara kallonsu a 2004 suna samari yanzu su ma furfura ta fara fito musu. Abin da suke gani a shirin baya-bayan nan shi ne mutum biyu da suka haura shekara 50, ɗaya na ɗingishi saboda tsofaffin raunuka, ɗayan na waiwayowa ya tabbatar abokinsa na biye da shi.

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. A wurin masoyan McGregor, ilimin da ya samo ya nuna musu ba mai wuyar fahimta ba ne: akasarin mutanen da matafiyi zai haɗu da su a hanya za su taimake shi, ko sun san sunansa ko ba su sani ba. Direbobin Kamaz da suka tsallakar da shi kogunan Siberiya, da makiyayan da suka tsaya masa a Mongoliya, abin da suka gani shi ne baƙo da babur ɗinsa ya maƙale.